Kumburin ƙasan muƙamuƙi da ke tasowa lokacin cin abinci

Manomi, yankin Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun azumin bana, da zarar na kai loma baki sai ƙasan muƙamuƙina na hagu ya kumbura kamar ƙwan zabo, yana zogi, bayan kamar awa guda kuma ya sace. Mai kemis ya ce hangum ne. Don Allah wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Malamar firamare, Gaya:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan bai yi kama da hangum ba. Yarana biyu sun yi shi a jere. A gaban kunne yake kumbura, da zazzaɓi, babu ruwansa da lokacin cin abinci, kuma cikin kwana 10 ya tafi da kansa.

Tela, Birnin Kudu:
Yaya, irin ciwona ke nan. Na sha wahala kusan shekara, har wanzami ya yi mini ƙaho a wurin, ban samu komai ba sai tabo. Da na je asibiti, likita ya sa yatsa a ƙarƙashin harshena ya taɓo wani abu mai tauri, hoton sikanin kuma ya nuna tsakuwa ce ta toshe hanyar yawu. Ya ce ganin abinci yana sa yawu ya taso, idan ya rasa mafita sai wurin ya kumbura, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara tsananta abin. Ƙaramar tsakuwa takan fito da yawan shan ruwa, tsotsar tsamiya ko lemun tsami, gashi da tsumma mai ɗumi da kuma tausa. Tawa ta kai ƙwayar wake, sai da aka kashe wurin da allura aka ciro ta ta cikin baki, ranar na koma gida. Idan ka ga mugunya ko zazzaɓi, kada ka jira.

Matar aure, Dawakin Kudu:
Ina roƙon kada a bari a tsaga kumburin fuska a gida. Mahaifiyata ta yi shekaru da ƙullutu a gaban kunne, ba ya ciwo, shi ya sa muka yi sakaci. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka zuƙi kaɗan da allura aka gwada, aka tabbatar ba ciwon daji ba ne, sannan aka yi aiki a tsanake, domin jijiyar da ke motsa fuska ta nan take ratsawa.

Manomi, yankin Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe da sassafe zan tafi asibiti in Allah ya yarda.