Wace ɗamara zan saya wa yaran da ke hawa tsani da tankin ruwa?

Mai Sola, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shago a Tudun Wadar Zariya, aikinmu kafa farantan sola a kan rufi da haɗa famfon rijiyar burtsatse da tankunan ruwa, kuma yara huɗu ne ke koyon aiki a hannuna. A makon jiya muna aiki a wani gida, ɗaya daga cikinsu ya jingina tsanin alminiyom a jikin ƙarfen da aka ɗora tanki a kai, ya hau da bututu a hannu ɗaya, sai ƙafar tsanin ta zame a kan daɓen siminti da ruwa ya jiƙa. Ina tsaye ina kallo, kafin in buɗe baki yana ƙasa. Tsayin bai wuce mita 4 ba, amma ya karye a tsintsiyar hannu, ƙashin diddigensa kuma ya tsage. Amanarsa mahaifiyarsa ta ba ni, da abin ya wuce haka ban san da wane ido zan dube ta ba.

Na shiga kasuwar Sabon Gari na ga kaya iri biyu. Akwai bel mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu, irin na ma'aikatan wuta, akwai kuma ɗamara mai zagaye kafaɗu da ƙirji da cinyoyi wadda ta fi shi tsada nesa ba kusa ba, har da na gwanjo masu ɗan sauƙi. Wanne ya kamata in saya, kuma idan yaro yana kan tsani, a ina zai maƙala ƙugiyar?

Injiniyan Samaru

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba. Zan fara da abin da wataƙila ba za ka so ji ba: ko da yaron yana sanye da ɗamara mafi tsada a Zariya a ranar, ba lalle ba ne ta hana shi kaiwa ƙasa, domin abin da ya kayar da shi shi ne tsanin da ba a ɗaure ba. Ƙa'idar jingina tsani ita ce, a kan kowace mita 4 ta tsayi a janyo ƙafarsa mita 1 daga jikin abin da aka jingina shi, kansa kuma ya zarce wurin da za a taka da kamar mita 1, a ɗaure shi da igiya a sama, mutum ɗaya ya riƙe ƙasan har sai an gama ɗaurewa. Mai hawa ya fuskanci tsanin, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya suna kansa a kowane lokaci, kaya kuwa a jawo su da igiya bayan an kai sama. Wanda ya faɗo daga mita 4 yana isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da gudun da ya haura kilomita 30 a awa, shi ya sa ba ka samu damar buɗe baki ba.

Game da zaɓinka, ɗamarar jiki duka za ka saya. Bel na ƙugu an yi shi ne don mutum ya jingina da shi ya saki hannuwansa ya yi aiki, ba a yi shi don tare wanda ya riga ya faɗo ba. Idan mutum ya faɗo igiya ta fizge shi ta ƙugu, duk ƙarfin zai sauka a kan ciki da ƙashin baya, yana iya kifewa kai a ƙasa ko ya sulɓe daga cikinsa. Wannan ne ya sa hukumar OSHA mai kula da tsaron lafiyar ma'aikata a Amurka ta hana amfani da shi wajen tare faɗuwa a wuraren gini tun daga farkon 1998. Ka duba takardar da aka ɗinka a jikin ɗamarar, ka nemi lambar ma'aunin ingancin Turai ta EN 361 da ranar da aka ƙera ta. Zoben da ke tsakanin kafaɗu a baya da wanda ke ƙirji, masu alamar harafin A, su ne na tare faɗuwa. Zobba biyu na gefen ƙugu na jingina ne kawai.

Sai igiyar, wadda ita ce mutane suka fi yin kuskure a kai. Ba a ɗaura igiyar guga ko ta ɗaure kaya a jikin ɗamara, domin ba ta sassautawa, za ta tsayar da mutum tashi ɗaya ne ta ji masa rauni. Ta gaskiya tana da wani ɗan ƙunshi a jikinta mai lambar EN 355, a ciki akwai tsiri mai ƙarfi da aka naɗe aka ɗinke, wadda take warwarewa a hankali ta shanye fizgar, ta yadda ƙarfin da zai sauka a jikin mutum ba zai wuce kwatankwacin nauyin kilo 600 ba, wato buhun siminti 12. Amma a nan gizo ke saƙar. Igiyar kanta tana kai mita 2, ƙunshin yana iya warwarewa har mita 1.75, ka ƙara tsayin mutum daga zoben baya zuwa tafin ƙafa, ka bar mita 1 ta rara, sai ka ga ana buƙatar fili fiye da mita 6 a ƙarƙashin wurin da aka maƙala ƙugiya. A mita 4, mai wannan igiya zai bugi ƙasa kafin ta gama aikinta. Saboda haka a gajeren tsayi dabara ita ce a maƙala ƙugiya can sama da kai, igiyar ta zama gajera, ko a yi amfani da na'urar nan mai naɗe igiya da kanta, mai cijewa idan aka fizge ta kamar bel ɗin mota.

Wurin maƙalawa ba zai zama tsanin da aka jingina ba, domin mutum da tsanin za su taho tare. Ba bututun ruwa ba, ba bakin kwanon rufi ba, ba kuma siririn rodin da mai walda ya ɗan ɗiga wa wuta a matsayin madogara ba. Ma'aunin Turai yana neman wurin da zai ɗauki kusan kilo 1,200, na Amurka ma ya haura kilo 2,200, don haka ka tambayi kanka ko ƙarfen zai riƙe buhun siminti 24 a rataye. A kan ƙafar tanki, manyan ƙarafan jikinta ne suka cancanta, bayan an duba tsatsa da bakin walda. Idan ƙafar tankin tana da tsanin da aka yi wa walda a jikinta, hanya mafi kyau ita ce a kafa igiya ko wayar ƙarfe daga sama har ƙasa, a sa mata ɗan makama mai bin mutum yana hawa, mai cijewa da zarar ya zame, a haɗa shi da zoben ƙirji. Idan babu wannan, a sayi igiya mai reshe biyu da manyan ƙugiyoyi biyu, kada a cire ɗaya sai an maƙala ɗayar a sama. Kejin ƙarfen da masu walda ke zagaye tsanin tanki da shi yana kwantar da hankali, amma ba ya tare mai faɗuwa, har ma a Amurka duk tsanin da tsayinsa ya haura ƙafa 24, wato kimanin mita 7, da aka kafa daga Nuwamban 2018 ba a yarda ya dogara da keji kaɗai ba.

Na gwanjo kuwa ban ba ka shawara ba, domin ba ka san ko ta taɓa tare wani ba, kuma wadda ta tare mutum sau ɗaya ta gama aiki.

Tsohon Ma'aikacin Wuta, Kofar Doka

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin ya ɗan rage wa bel daraja. Na yi shekaru masu yawa ina hawa falwaya da shi kafin in yi ritaya, kuma babu mai iya ɗaure waya da hannu biyu a sama ba tare da ya zagaya shi a jikin turke ya jingina ba. Abin da na yarda da shi shi ne, bel ba ya ceton wanda ƙafarsa ta suɓuce, na ga abokin aikin da ya zamo tare da nasa har ƙasa, ƙirjinsa na gogar turke. Saboda haka, ɗana, ka nemi ɗamarar da ta haɗa duka biyun, mai zoben baya da na gefe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarinka shi ne tsanin alminiyom. A unguwannin cikin birni da Tudun Wada wayoyin wuta suna bi ta kan katangu da bakin rufi, kuma babbar waya mai ƙarfin volt 11,000 ba sai an taɓa ta ba, idan ƙarfe ya matso kusa wuta tana iya tsallakowa. Kada ka ce an ɗauke wuta, ana iya kawo ta kana sama, maƙwabci ma yana iya tayar da janareta ta dawo ta waya. Kusa da waya sai tsanin faiba, ko na katako busasshe, shi ma katakon idan ya jiƙe ya daina zama kariya. A ɗauki tsani a kwance, mutum biyu, a ɗaga kai a duba sama kafin a miƙar da shi. Ka kuma hana su hawa da silifa da doguwar riga, ka hana amsa waya a kan tsani. Farantin sola idan iskar hunturu ko ta gaban hadari ta same shi a hannun yaro, zai ja shi ne kamar an fizge tabarma, don haka da ka ga gari ya canza ka sauko da kowa.

Injiniyan Samaru

Baba ya yi gaskiya, na karɓi gyara. Bel mai lambar EN 358 yana da gurbinsa wajen jingina, matuƙar igiyar tare faɗuwa tana maƙale a zoben baya a lokaci guda. Na manta ban ce ba, Malam, tunda kuna harka da batura, kada a ajiye ɗamarar a inda ruwan batir zai taɓa ta ko a bar ta a rana a bayan mota, kada kuma tartsatsin walda ya same ta. Kowace safiya mai sawa ya bi ta da hannu taku-taku, ya duba ɗinki, ya tabbatar bakin ƙugiya yana rufewa ya kulle da kansa.

Ma'aikaciyar Jinya, Wusasa

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ba ma'aikaciyar gini ba ce, amma waɗanda suka faɗo wurinmu ake kawo su, shi ya sa zan ƙara abu biyu. Na farko, idan ɗamara ta tare yaro ya zama yana rataye, aiki bai ƙare ba. Madaurin cinya yana matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙafafu, wanda ke rataye ba motsi yana iya suma cikin 'yan mintuna, abin kuma yana iya kaiwa ga rasa rai. Tun kafin a hau ku san yadda za ku sauko da shi, tsani na biyu ya kasance a kusa, kada kuma a bar mutum ɗaya yana aiki a sama ba kowa a ƙasa. Idan yana cikin hayyacinsa a sa shi ya riƙa motsa ƙafafu, ko a ba shi igiyar da aka yi wa zarge ya taka ya ɗan miƙe. Idan an sauko da shi a kwantar da shi, a kai shi asibiti ko da ya ce ba ya jin komai.

Na biyu, wanda ya faɗo ƙasa kada a ciccibe shi hannu da ƙafa a naɗe shi a cikin Keke Napep, kada a zaunar da shi a ɗura masa ruwa. Sau da yawa ƙashin baya ya tsage ne kawai, ɗaukar da aka yi masa ce take taɓa laka ta bar shi a kwance har abada. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da wuyansa a miƙe, a mirgina shi gaba ɗaya a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a nemi motar da zai kwanta a ciki. Tunda yaronka ya dira a kan diddige, ka tabbata likita ya duba bayansa, domin irin wannan dirar takan tura ƙarfi har ƙashin baya. Ba na raina maɗora, amma a fara ɗaukar hoto tukuna. Hular kwano kuma a sayi mai igiyar haɓa, wadda ba ta da ita tana riga mai ita isa ƙasa.

Mai Sola, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Injiniya, Baba, da Malama. Allah ya saka da alheri. Ba a duba bayan yaron ba, hannu da ƙafa kawai aka ɗauki hotonsu, gobe da safe in sha Allahu zan mayar da shi. Ƙarfina ba zai kai ɗamara huɗu a lokaci ɗaya ba, don haka zan fara da biyu sababbi tare da igiya mai reshe biyu, tunda dama mutum biyu ne ke hawa, in kuma sayar da tsanin alminiyom ɗaya in cika in sayi na faiba. Abin da ya rage mini shi ne masu gidaje, domin yawancin ƙafafun tankin da muke tararwa siraran ƙarafa ne da tsatsa ta ci, babu inda zan yarda in rataya buhun siminti ko biyar. Daga yanzu zan sa kuɗin ƙara ƙarfen maƙalawa a cikin lissafin aiki tun farko. Akwai wani aiki da ke jirana a Hanwa ranar Asabar, tankin yana kan mita 9, zan fara zuwa da mai walda ya duba ƙarfen kafin in ba mai gidan farashi.