Neman kalma: me za mu kira ƙara wa motar shiga daji tsayi?

Mai Fassara, Mabera:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina. Ina fassara wani ɗan littafin jagora na direbobin da ke kai ma'aikatan lafiya ƙauyukan Tangaza, Gudu da Sabon Birni, kuma ranar Alhamis ake son in miƙa shi domin a buga kafin ruwan Agusta ya kankama. Na iso babin da ke magana a kan abin da kanikawa ke kira sasfenshan lif, wato a canza sifirin da shokozoba na mota irin Hilux ko Land Cruiser domin ta ƙara tashi daga ƙasa da kamar inci 2, kimanin santimita 5 ke nan. Manhajar fassara ta ba ni "ɗaga dakatarwa", alhali dakatarwa ta ma'aikacin da aka tsayar daga aiki ce. Babi na gaba kuma yana magana a kan bodi lif, wato ɗaga bodin motar kaɗai, don haka sunaye biyu nake nema waɗanda direba ba zai rikita su ba. Ina roƙon taimakonku.

Bakanike, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam Malama. Mu a gareji duk abin da ke tsakanin taya da shasi, wato ƙarfen da bodi da injin suke zaune a kansa, ƙafa muke ce masa. Idan direba ya ce ƙafar motarsa tana ƙara, mun san sifirin ne ko shokozoba ko boljoyin. Ki rubuta "ɗaga ƙafar mota".

Ma'aikaciyar Rediyo, Arkilla:
Oga, ina ganin wannan ba zai yi ba. Duk Bahaushen da ya ji "ɗaga ƙafa" sassauci zai fara zuwa masa a rai, kamar yadda ake ɗaga wa mai bashi ƙafa, idan kuma aka ce ƙafar mota ce aka ɗaga, to jak zai hango an kafa ana canza taya. Ina ba da shawarar "ƙarin tsayin ƙafa".

Bakanike, Runjin Sambo:
Hajiya, ita ma wannan tana da nata cikas, domin ƙafa awo ce, inci 12. Yaron gareji zai iya ɗauka cewa tsayin ƙafa guda ake son a ƙara, kuma motar da aka ɗaga haka ba ta da aminci a kan kwalta. Kada kuma a ce "ƙara wa mota ƙafa", saboda a bakin direbobi mota mai ƙafa goma tana nufin mai taya goma.

Malamin Hausa, Ƙofar Marke:
'Ya'yana, na karanta abin da kuka rubuta, kuma abin da ya dame ni shi ne tun daga tambayar har amsoshin babu wanda ya tsaya ya nemi kalma daga cikin rumbun harshen kansa. Sifirin, shokozoba, shasi, bodi, boljoyin: jimla guda ta Malama tana ɗauke da baƙin kalmomi fiye da 'yan gida, sa'an nan a buga a ce littafin Hausa ne. Hausa tana da hanyar ƙirar aikatau daga suna, ita ce ta ba mu Hausantar daga Hausa, da zamanantar daga zamani, da Musuluntar daga Musulunci. A nan ƙasar Sakkwato kowane yaro ya san dabbar da Allah ya yi wa dogayen ƙafafu domin ta ratsa rairayi cikinta bai taɓa ƙasa ba. Saboda haka nake cewa a kira wannan aiki raƙumantar da mota, sunan aikin raƙumantarwa, motar da aka yi wa kuma raƙumantacciya. Kalma ɗaya ce, tana karɓar kowane lokaci na nahawu, kuma ba ta da ma'ana ta biyu da za a rikita ta da ita kamar yadda kuka ga ƙafa ta yi.

Mai Fassara, Mabera:
Allah ya gafarta Malam, ƙirar ta yi kyau ƙwarai kuma tana da daɗin faɗi. Amma me zan kira na biyun, wanda ake ɗaga bodi kaɗai?

Malamin Hausa, Ƙofar Marke:
Shi ma raƙumantarwa ne, 'yata, tun da motar ta ƙara tsayi. Sai ki ce babbar raƙumantarwa da ƙarama.

Bakanike, Runjin Sambo:
Ranka shi daɗe Malam, a nan ne zan roƙi a saurare ni, domin waɗannan ayyuka biyu ba babba da ƙarami ba ne, kowanne da abin da yake taɓawa. A bodi lif ana kwance kusoshin da suka ɗaure bodi a kan shasi, a sa 'yan guntayen toshi a tsakani, a mayar da dogayen kusoshi. Bodi ya hau, amma shasi da injin da giyabos suna nan inda suke, cikin motar, wato ƙarƙashinta, bai ƙara nisa da ƙasa ko da ɗan yatsa ba, abin da aka samu kawai shi ne wurin sa babbar taya. A sasfenshan lif kuwa shasin ne gaba ɗaya yake tashi, da duk abin da ke ɗaure a jikinsa. Hilux ɗin da aka fara fitarwa daga 2005 tana da sifirin mai murɗi a gaba, kowace taya da nata hannuwan, a baya kuma sifirin mai falle-falle ne a kan aksil guda, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. Idan aka ɗaga gabanta, sandunan da ke kai wa tayoyin gaba ƙarfi sai su karkace fiye da yadda aka ƙera su, robar da ke rufe gaɓoɓinsu ta riƙa yagewa da wuri, rairayi ya shiga, boljoyin ya ci, kuma dole a sake yin alaimen ko taya ta cinye ta gefe ɗaya. A baya sai a duba tiyon birki ko ya isa tsawo idan ƙafar ta sauka cikin rami, a kuma duba furofela, wato sandar da ke kai ƙarfin injin ga aksil ɗin baya, domin idan kusurwarta ta canza mota tana iya kama karkarwa. Direban da aka ce masa motarsa raƙumantacciya ce bai san wanne daga cikin waɗannan zai riƙa dubawa kowace safiya ba.

Akwai kuma abin da nake son Malama ta sa a littafin ko da babu shi a na Turancin. Tulun da ke tsakiyar aksil na baya, wanda shi ne ya fi kusa da ƙasa, ba ya tashi ko an canza sifirin, domin a kan taya yake zaune, kuma babbar taya kaɗai ke ɗaga shi. Land Cruiser samfurin 70, wadda ake ƙerawa tun 1984, aksil guda gare ta gaba da baya, don haka tulu biyu ne suke nan a inda suke. Na sha ganin direban da ya ga motarsa ta yi tsayi ya afka cikin kwarin da manyan motoci suka haƙa a hanyar fadama, tulun ya zauna a kan tudun tsakiya, tayoyi suna juyawa a banza.

Ma'aikaciyar Rediyo, Arkilla:
Ni ma ina da ja a kan kalmar Malam ta wani ɓangaren. Littafin nan ba a Sakkwato kaɗai za a karanta shi ba, kuma kalmar da ba ta cikin Daidaitacciyar Hausa, ba a taɓa jin ta a rediyo ko a jarida ba, za ta tilasta wa mai karatu ya tsaya yana tambaya.

Malamin Hausa, Ƙofar Marke:
Hajiya, wa ya daidaita ta, kuma a ina? Tun da aka kafa Hukumar Hausa a 1955 karin Kano ake ɗauka a matsayin ma'auni, kalmar da aka ƙera a Kano ko Zariya ko Kaduna sai a ce ci gaba ne, wadda ta fito daga bakin Basakkwace sai a ce ba a san ta ba. A garin nan Nana Asma'u ta yi waƙoƙin Hausa a ajami kafin a buga ko shafi ɗaya na boko a ƙasar nan, kuma matan da ta koyar, waɗanda ake kira jaji, sun kai su ƙauyuka mata suka haddace. Ba mu buƙatar izinin kowa kafin mu raɗa wa abu suna. Kowace kalmar da kuke ji a rediyo yau akwai ranar da wani ya fara faɗin ta mutane suna tambaya.

Ɗalibi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ina neman afuwa kafin in yi magana. Magabatan da Malam ya ambata sun ari kalmomin Larabci masu yawa ba tare da sun ga hakan ya rage wa Hausa daraja ba, kuma masana harshe suna danganta asalin kalmar raƙumi ita kanta da harsunan Buzaye da danginsu na Sahara. Mota da taya da birki da sitiyari duk aro ne, sun zauna har sun haifi jam'i. Idan aka tsallaka Illela zuwa Birnin Ƙonni, irin wannan motar kat-kat suke ce mata, daga Faransanci, kuma Hausarsu ba ta lalace ba.

Malamin Hausa, Ƙofar Marke:
Ɗana, aron da aka yi domin babu wata hanya daban yake da aron da aka yi domin kasala. Raƙumi ya shekara ɗaruruwa a bakinmu, shokozoba kuwa jiya ta zo.

Ma'aikaciyar Rediyo, Arkilla:
Ban ce Sakkwatanci bai isa ba, Malam, ni ma da shi aka yi mini tawai. Abin da na ce shi ne mai sauraro ba ya da damar tsayar da ni ya tambaya.

Tsohon Direba, Gidan Igwai:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malami ba ne, amma irina za a ba littafin. Motar da aka ɗaga nauyinta ya koma sama, idan kuma aka ɗora jarkokin mai da akwatunan allurar rigakafi a rufinta, kwanar da ka saba sha da gudu ita ce za ta kifar da kai. Fitilunta suna komawa idon mai tahowa sai an sake saita su. Idan an sa babbar taya, agogon gudu yana nuna ƙasa da abin da kake yi a gaskiya. A rairayin Gudu kuma rage iskar taya ya fi tsayi amfani, a ruwa kuwa tsayi ba ya hana injin shan ruwa idan ya kai bakin da yake shaƙar iska. Duk sunan da za ku zaɓa, ya zama akwai "tsayi" a cikinsa, domin kalmar ce za ta tuna wa direba ya sassauta ƙafarsa a kan totur. Idan na ji raƙumantacciya, yabo nake ji, ba gargaɗi ba, kuma yaran da ke tuƙi yanzu yabo ne yake sa su gudu.

Mai Fassara, Mabera:
Na gode Baba, na gode kowa. Ga abin da zan rubuta saboda lokaci ya ƙure. Babi na farko: "Ƙara wa mota tsayi ta ƙafafu", da jam'i domin kada a ji awo ko sassauci. Babi na biyu: "Ƙara wa mota tsayi ta bodi". A farkon kowanne zan sa jimla ɗaya da ke faɗin abin da ya tashi da abin da bai tashi ba, kamar yadda Oga ya bayyana, zan kuma ƙara gargaɗin tulun aksil da na kwana. Kalmar Malam zan ambace ta sau ɗaya a gabatarwa a matsayin suna na gaba ɗaya da aka ba da shawara, idan ya yarda.

Malamin Hausa, Ƙofar Marke:
Kalmomi shida a inda ɗaya ta isa, kuma wannan bayani ne, ba suna ba. Amma maganar Alhaji direba tana da nauyi, ba zan yi jayayya da abin da ya shafi rayukan mutane ba. Ki ambace ta a gabatarwar. Sharaɗina ɗaya, ki cire "bodi" ki sa "gangar jiki".

Bakanike, Runjin Sambo:
Malama, idan kika sa gangar jiki ki bar bodi a gefensa, domin shi aka sani a gareji da wurin mai fenti. Kuma har yanzu ba ku ba ta sunan nisan da ke tsakanin cikin mota da ƙasa ba, alhali shi ne abin da ake aunawa kafin aiki da bayansa. Ni "rata" nake ce wa yarana.

Mai Fassara, Mabera:
Zan sa duka biyun a karon farko, daga nan in ci gaba da bodi. "Ratar ƙasa" na rubuta a yanzu, amma shafin yana hannuna har daren Laraba idan wani yana da wadda ta fi ta.