Pietism: wace kalma za mu ba ta da Hausa?

'Yan'uwa, ina shirya darasi a kan Philipp Jakob Spener, faston Lutheran na Jamus, sai kalmar Pietism ta tsaya mini a wuya; wasunku sun kawo kalmomin Hausa da za a ba ta, ga ra'ayina a kansu. An haife shi a 1635, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin. A 1666 ya zama babban fasto a Frankfurt, ya tarar da majami'u cike da gardamar koyarwa, zukata kuwa a bushe. Daga 1670 ya riƙa tara mutane a gidansa ran Lahadi da Laraba, a yi addu'a, a sake bin wa'azin da aka ji, kowa ya sa baki. A 1675 ya fitar da littafinsa Pia Desideria mai shawarwari shida, ciki har da cewa a riƙa karanta Littafi Mai Tsarki tare, kuma sanin da babu aiki a tare da shi ba ya wadatarwa. Abin da ya tsiro daga nan shi ake kira Pietism.

Baba Fasto, ka ce "tsoron Allah". Na gode, amma a gafarce ni, ta yi faɗi. Waɗanda suka yaƙi Spener ma za su ce suna tsoron Allah, alhali muna neman sunan wata tafiya ce takamaimai.

Yaya, "sufanci" ya ja hankalina, sai dai mai karatu zai hango shehi da wuridi da halwa. Spener bai janye daga jama'a ba, cikin ikilisiya ya zauna har rasuwarsa a Berlin a 1705.

Malam ya kawo "ustazanci". Akwai gaskiya a nan, don da farko gatse ake yi musu da sunan Pietist. Amma ba na son ɗalibi ya fara sanin su da bakin masu zunɗensu.

Ni dai na tsaya a kan taƙawa. Tafiyar a ce Tafarkin Taƙawa, mutanen a ce 'Yan Taƙawa. Kalmar ta haɗa tsoron Allah a zuci da kiyaye hali a fili, kuma kukan Spener ke nan. Wata 'yar'uwa ta ce kalmar masallaci ce. Haka ne, daga Larabci ta zo, kamar addu'a da annabi da mala'ika, waɗanda muke furtawa a sujada kowace Lahadi.

In akwai mai wadda ta fi, ya kawo kafin Litinin, ranar zan kai takardun wurin bugawa.