Gida ya shekara a kasuwa babu mai saye: me kuka gani da idonku?

Wani magaji, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gida mai ɗaki 10 a nan Agege, irin wanda ɗakuna ke fuskantar juna, da 'yan haya a ciki. Mun sa shi a kasuwa domin a raba gado, ga shi yau wata 14 ke nan, masu dubawa suna zuwa, amma duk wanda ya taya ba ya dawowa. Wanda ya taɓa sayar da gida ko ya fasa saye a Legas, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Ɗan kasuwar gwari, Mile 12: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya gafarta wa Baba. Ni na fasa sayen wani gida a Ikorodu bayan mun riga mun daidaita a kan kuɗi, kuma ba ginin ne ya kore ni ba, takarda ce. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, saboda haka ko gida yana da takardar shaidar mallaka, sai an samu amincewar gwamna kafin cinikinsa ya tabbata a doka. Da lauyana ya je ofishin filaye na jihar Legas da ke Alausa ya bincika, sai ya tarar mai gidan ba shi da komai sai rasit na dangin da suka sayar masa da filin. Wanda ya san halin omo-onile, masu dawowa su ce filin kakanninsu ne a sake biya, ba zai zuba guminsa a kan rasit ba, duk da cewa jihar ta kafa dokar hukunta masu ƙwacen fili tun 2016.

Hajiya, Idi-Araba: Ni ruwa ne ya hana ni. An nuna mini gida a Ajah da rani, fenti sabo fil, har na fara lissafin inda zan sa kujeru. Maigidana ya ce mu jira damina, da muka koma a watan Yuli sai da muka tattare zani kafin mu isa ƙofa, ga sawun ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashin fentin.

Dillalin gidaje, Obalende: Alhaji da Hajiya sun faɗi gaskiya, amma ku bar ni in faɗi laifinmu. Idan mai gida ya ba dillalai biyar gida ɗaya, kowa zai ɗora nasa a kai, sai mai saye ya ji farashi uku a mako guda, daga nan ya ɗauka ana shirin damfararsa ne. Su ma masu gidajen, tun da naira ta faɗi a 2023 suke yanka farashi da kuɗin siminti na yau, alhali ginin ya tsufa, mai saye kuwa fili kawai yake gani domin rushewa zai yi. Sannan Malam, batun 'yan haya ba ƙarami ba ne: a dokar haya ta Legas ta 2011, mai biyan shekara yana da notis na wata 6, kuma ba kowa ne ke son ya biya miliyoyi ya gaji rigimar kotu ba. Tambayata ɗaya ce, shin duk magada sun sa hannu?

Wani magaji, Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gaskiya yayarmu da ke aure a Kano ba ta sa hannu ba tukuna, kuma dillalai huɗu ne ke riƙe da gidan. Gobe in sha Allahu zan kira ta, sannan in je wurin lauya da takardun da Baba ya bari a akwatinsa.