Fuska mai saɓa da ƙaiƙayi: me kuka gwada ya yi aiki?

Ƙanwarku: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema game da fuskata, wadda ta daɗe tana ba ni wahala. Gefen hancina da tsakanin girata suna yin ja, su yi saɓa mai maiƙo irin ta amosani, kuma da zarar na yi zufa sai ƙaiƙayi ya taso. Yanzu haka man zaitun nake shafawa da dare, da safe kuma in goga lemun tsami domin tabon ya dushe, amma abin sai ya lafa ya sake dawowa. Ina son hanyar da ba ta dogara ga magunguna masu ƙarfi ba.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin kowa ya ba ki sunan wani mai ko ganye, ki fara samun likitan fata ya duba ya faɗa miki sunan ciwon, domin cututtukan fuska suna kama da juna a ido, amma abin da ke kwantar da wannan shi ne ke tayar da wancan. Yadda kika kwatanta naki ya fi kama da amosanin fuska, wanda ke da alaƙa da wani ƙwayar yis mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kowa yana cin maiƙo. Idan haka ne, man zaitun ɗin nan abinci ne kike ba yis ɗin kowane dare. Lemun tsami kuwa ki ajiye shi tun yau: tsaminsa ya fi ƙarfin fata nesa ba kusa ba, kuma idan rana ta same shi a fuska yana iya ƙona wurin ya bar baƙin tabo wanda ya fi na farko daɗewa.

Hajiya Babba: 'Yata, ki riƙe maganar Malama. Ni tawa matsalar bushewa ce da tsagewa, wadda likita ya kira eczema, kuma abin da ya zaunar da ita shi ne rage tarkace. Na daina sabulu mai kumfa da ƙamshi, na daina ruwan zafi da soso, ina wanke fuska da ruwa mai ɗumi kaɗan, in dafe ta da tawul ba tare da gogewa ba, sannan in shafa man kaɗanya marar turare tun fatar tana da danshi. Idan ƙaiƙayi ya matsa, ina niƙa hatsin oat ya yi laushi sosai, in dama shi da ruwa, in shafa na ɗan lokaci sannan in ɗauraye. Tun 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da garin oat a matsayin abin kare fata, saboda haka ba maganar tsofaffi kawai ba ce.

Malamin kimiyya: Hajiya ta taɓo wurin da ya dace. Saman fata kamar katangar bulo yake, ƙwayoyin fatar su ne bulon, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne simintin, kuma sabulun wanka na yau da kullum yana wanke wannan simintin har ruwa ya riƙa tserewa, abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi su sami hanyar shiga. Game da man zaitun, wani bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila, aka buga a 2013, ya nuna cewa shafa shi na makonni ya raunana wannan katanga har a fatar masu lafiya, alhali man irin furen rana bai yi hakan ba. Sai dai, ƙanwarmu, ki lura cewa maganar man irin furen ranar ta shafi mai busasshiyar fata ne. Mai amosanin fuska gara ta yi nesa da yawancin mayukan tsirrai, har da man kwakwa da ake yawan yabo.

Mai ƙurajen fuska: Malam, man kwakwa ya taɓa cika mini goshi da ƙananan ƙuraje, don haka na yarda da kai. Abin da ya taimake ni shi ne man itacen tea tree na Ostareliya (ba ganyen shayin da ake sha ba), wanda wani gwaji a ƙasar a 1990 ya nuna cewa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 yana rage ƙuraje, duk da cewa ya fi maganin kanti jinkiri. Ba a shafa shi tsagwaronsa, domin yana ƙona fata, kuma ba a sha.

Ma'aikaciyar jinya: Shi ya sa nake roƙon kowa ya fara gwada sabon abu a lanƙwasar hannu, sau biyu a rana na kwana 7 zuwa 10, kafin ya kai shi fuska. Kasancewar abu daga tsiro ya fito ba ya hana fata ta ƙi shi. A kuma gwada abu ɗaya a lokaci guda, a ba shi mako 6 zuwa 8, tun da fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta. Wadda ta canza abubuwa uku a mako ɗaya ba za ta taɓa sanin wanne ya gyara, wanne ya ɓata ba. Ƙanwata, ina da tambaya: kin taɓa shafa haɗin mai wanda ya kwantar da jan cikin kwana biyu, da kika daina kuma ya dawo da ƙarfinsa?

Ƙanwarku: Na taɓa, Anti. An sayar mini da shi a matsayin haɗin ganye zalla, kuma babu jerin abin da ke cikinsa a jikin robar.

Ma'aikaciyar jinya: To, ki tafi da robar wurin likita. Ganye ba ya aiki da irin wannan gaggawar, kuma irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa ana ɓoye sinadarin siteroid a cikinsu, kamar clobetasol ko betamethasone, wanda yawan shafa shi ke sirantar da fatar fuska, ya fito da ƙananan jijiyoyi, ya jawo ƙuraje kewaye da baki. Idan an daɗe ana shafawa, likita ne ya kamata ya tsara yadda za a janye shi.

Uwar marayu: Ni zan ƙara abin da ba a shafawa. Fuskata tana yin zafi da ja ne idan na yi kwanaki ban sami barci ba, ko raina ya ɓaci, ko na daɗe a rana, kuma ban gane hakan ba sai da na fara rubuta abin da ya faru a ranar da ta tashi. Yanzu ba na fita sai da man kare rana mai sinadarin zinc, mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama da haka, kuma tabbaina sun daina ƙara duhu. Ga mai ƙuraje kuma, rage kayan zaƙi yana taimakon wasu.

Hajiya Babba: Zuma fa, Malama? Na ga ana ta yabonta.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, an gwada zumar furen itacen kanuka a New Zealand a kan masu jan fuska a 2015 kuma an ga sauƙi, amma tatacciya ce ta asibiti, ba kowace kwalba ba. Ƙanwata, idan jan ya haye kumatu biyu ta kan hanci, ga ciwon gaɓɓai ko kasala ko zazzaɓi, kada ki jira makonnin nan, ki nemi gwajin jini.

Ƙanwarku: Babu ciwon gaɓɓai, alhamdu lillahi. Kafin in ga likitan, in riƙa wanke fuskar sau ɗaya ne ko sau biyu a rana?

Ma'aikaciyar jinya: Sau biyu, da abin wanki marar ƙamshi, kuma ki wanke amosanin kanki tare, domin sau da yawa tafiyarsu ɗaya.