Gyambon cikin mahaifina ya ƙi warkewa, shin sai an yi masa tiyata?

Ƴar Jekadafari:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan mahaifina yana fama da gyambon ciki. Duk lokacin da ƙirjinsa ya ɗauki zafi, sai ya aika a sayo masa omeprazole a kemis, ya kora da madara, ya sami sauƙin kwana biyu. Tun da ya fara shan diclofenac saboda ciwon gwiwa abin ya tsananta, kuma shekaranjiya ya gaya wa mahaifiyarmu cewa bayan gidansa ya koma baƙi wuluk kamar kwalta. Hankalinmu ya tashi matuƙa. Me ya kamata mu fara yi?

Likitan tiyata, Gombe:
Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Baƙin bayan gida irin wannan yakan nuna cewa jini na zuba a cikin tumbi, saboda haka ku kai Baba asibiti yau, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kuma ya dakatar da diclofenac, domin shi da ibuprofen suna cikin manyan masu ci wa tumbi bango. Za a auna jininsa, sannan a zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki a ga gyambon da ido, kuma sau da yawa da ita ake tsayar da jinin. Ba a kai ga yanka ciki sai gyambon ya huda tumbi ko jinin ya ƙi tsayawa.

Abin da ke damuna shi ne mutanenmu sun ɗauki olsa a matsayin ciwon yunwa da yaji. Tun 1982 Barry Marshall da Robin Warren na ƙasar Ostireliya suka gano ƙwayar cutar Helicobacter pylori da ke haddasa gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Idan gwaji ya nuna tana nan, ana haɗa omeprazole da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na kwana 14. Omeprazole kaɗai rage zafi yake yi, ba ya kashe ta.

Dattijo daga Kumo:
Ƴata, ki ji maganar likita. Ni na daɗe ina jiƙa kanwa ina sha kafin a yi mini gwajin bayan gida a gano ƙwayar. Magungunan suna sa baki ɗaci, amma na daure na cinye su, bayan wata guda aka sake gwaji aka ce ƙwayar ta mutu.

Ƴar Jekadafari:
Na gode, Likita. Na gode, Baba. Yayana ya tafi neman mota, kuma na haɗa duk kwalayen magungunan da yake sha domin mu nuna a asibiti.