Dogon Yamai zuwa Dosso: wa ya taɓa ganin jirgin da idonsa?

Ɗan Tawa a Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa. Kwanaki muna dawowa daga Dosso cikin bas, yarona yana bakin taga yana bin ƙarfen dogo da ido, nan ya fito, can yashi ya haɗiye shi. Sai ya ce, Baba, ƙarfe nawa jirgin ke wucewa? Na yi shiru. An buɗe gar ta Yamai, wato tashar jirgin, ran 7 ga Afrilu 2014, an yi bukin layin mai kusan kilomita 140 a Janairun 2016, daga nan bai taɓa shiga jigilar fasinja ko kaya ba. Ban kawo gardamar siyasa ba. Kowa ya faɗi abin da ya gani, da abin da yake jin ya kamata a yi da shi.

Hajiyar Talaje:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni na gan shi. Ranar buɗe gar mun sha rana tun hantsi, an ce shugaba Isufu yana tafe da na Benin da na Togo. Da ya yi kuka jikata ta ƙanƙame mini zane. Abin da ke ba ni dariya har yau, shi jirgin a bisa manyan motoci aka kawo shi, tunda ba hanyar da zai biyo. Na ce wa maƙwabciyata, yau ga jirgi ya hau mota.

Mai kabu-kabu:
Hajiya ke kin ga jirgi, ni ƙarfen na gani kusa da kusa. Wata damina bayan magariba na zo tsallakawa a karkace, taya ta zame, ni da fasinja da buhun gawayinsa duk muka watse. Sati uku ban hau moto ba. Da laifina, ƙarfe mai jiƙe a miƙe ake haye shi. Amma na cikin gari dai a cire, a bar na daji.

Tsohon direban Paraku:
Yara, ku saurara. Shekara ashirin ina ɗaukar kaya daga Paraku ta ƙasar Benin. Jirgi ya taso daga Kwatano, ya yi kilomita 438 ya tsaya, don nan dogon ya ƙare tun 1936. Sai a sauke shinkafa da siminti a loda mana, mu bi Kandi, mu haye gada a Malanbil mu faɗo Gaya, sannan Dosso. Wani lokaci mu kwana biyar a Paraku muna jiran takarda, har mun san masu tuwon gar da sunansu. A lokacin ƙungiyar jirgin ƙasa ta Benin da Nijar, OCBN, ke riƙe da harkar, wato muna da rabo a jirgin da bai taɓa taka ƙasarmu ba. To da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa Yamai zuwa Dosso, saura tsakanin Dosso da Paraku, sai shari'a ta ɓarke a Benin da ɗan kasuwa Samuel Dossou a kan wa ke da izinin aikin, aiki ya tsaya. Kai da ƙafa sun samu, ba ciki. Shi ya sa in na ji ana kiran wannan layi gado sai in ce a'a. Gado abin da mamaci ya mora ya bari ne. Wannan ɓari ne.

Malamar lakwal:
Baba, da girmanka, ban yarda duka ba. Na taɓa kai ɗalibaina bakin layin da sandar awo. Suka auna tsakanin ƙarfe da ƙarfe, mita ɗaya cif. Na gaya musu na Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a 2021 faɗinsa mita ɗaya da milimita 435, don haka jirgin can ba zai iya hawa nan ba. Wata yarinya ta ce, to me ya hana su yi shawara? Ban taɓa darasin da ya shiga kansu irin wannan ba. Ni da za a ji tawa, gar ta zama ɗakin tarihi, reshen gidan tarihi na Bubu Hama. A ajiye tarago ɗaya, a kafa taswira: ga layin da ake kira Abijan-Nijar da ya iso Wagadugu a 1954, aka ja shi zuwa Kaya, bai zo ba, ga na Najeriya da ya tsaya Kauran Namoda da Nguru, ga na Paraku. Duk sun leƙo mu sun tsaya a ƙofa. Wannan ma tarihinmu ne.

Ɗan Birnin Gaure:
Ku mutanen Yamai gar kuke gani. Mu nan tudun da aka ɗora ƙarfen a kai shi ne abin. In ruwa ya kwanta a kwarin Dallol, ta kai masu ƙafa ke bi. Na ga ana shanya a kai, na ga kuma ana kwasar tsakuwar da amalanke ana gini. Na yi wa wani magana ya ce ai ba mai shi. Ƙarfe in an sace ana sayen wani. Filin nake ji wa tsoro: ranar da gidaje da gonaki suka hau shi, ko jirgin ya zo sai an sake biyan diyya daga farko. A kafa alama, a dasa dogonyaro a gefe, a bar wa masu keke da ƙafa kafin Allah ya kawo jirgin.

Mai kabu-kabu:
In ƙasa ta lafa a sa ɗan keken turawa a bisa ƙarfen wajen Kure, a kai yara kallon raƙuman dawa. Ni ne direba.

Hajiyar Talaje:
Kai da ka kasa tsallake shi?

Tsohon direban Paraku:
Malama, ina da hotuna biyu na gar ta Paraku da wata tsohuwar takardar lodi cikin adaka. In za ki nuna wa yaran, ki aiko ɗaya ya karɓa. A maido mini dai.